Kebul Mai Jela Huɗu

Ina da shagon ɗaukar hoto a Birnin Gwari. A ƙuryar shagon akwai babbar kwamfutar ajiya, wadda muke kira saba. Duk hoton da na ɗauka, na suna ko na biki ko na fasfo, cikin faya-fayanta huɗu yake kwana.

A shekarar da aka katse layukan waya saboda 'yan bindiga, kebul ɗin da ke haɗa katin da ke cikin sabar da faya-fayan ya ƙone. Kansa ɗaya, jelarsa huɗu, kowace jela da faifanta. Na ba wani direban Kaduna ƙonannen ya sayo mini irinsa. Ya kawo, na saka, ya shiga daram, amma sabar ba ta ga faifai ko ɗaya ba. Ashe iri biyu ne masu kama da juna: akwai mai tashi daga kati zuwa faifai, akwai wanda aka ƙera a juye. Ido ba ya rabe su, sai lambar jiki, ta nawa kuwa wuta ta cinye.

Ana haka wata dattijuwa daga Kutemeshi ta fara zuwa. An kashe ɗanta a gona, an ƙone gidansu, ba ta tsira da hotonsa ba. Ta ce ya taɓa yin fasfo a wurina. Na yi mata bayanin kebul, ta saurara har na gama.

"Ɗan nan, yana ciki dai ko?"

"Yana ciki, Inna."

Ban tabbata ba. Kowace ranar kasuwa sai ta zo ta zauna a benci, tana kallon ƙuryar.

Matata ta hana, amma na bi ayarin motocin da sojoji ke rakawa zuwa Kaduna. Da muka shiga daji, sai laɓɓa ke motsi da addu'a. A Kaduna na sa mai shago ya gwada sabon kebul ɗin a gabana kafin na karɓa.

Da na dawo na saka, faifai uku suka tashi, na huɗu ya mutu. Na samo hoton a cikin na biyu, saurayi da hula a karkace. Dattijuwar ta riƙe shi da hannu biyu, ta ce ya fi haka ƙiba. Ta ƙulle shi a bakin zane ta fita.

Hotunan da ke cikin na huɗun, har yau masu su na zuwa tambaya.