Da Hanci Na Saye Ta

Shekara ashirin da biyu na yi ina gyaran rediyo a wata 'yar rumfa a Barade, kafin wayar hannu ta zo ta kwashe mana abinci. Yanzu cajin waya nake yi, ina liƙa mata gilashi a fuska. Ba haram ba ne, amma yana ci mini rai. Mutum ya san cikin rediyo kamar cikin ɗakinsa, a ƙarshe ya koma mai gadin soket. Har a gidana an daina tambayata komai game da kayan wuta.

Wata Laraba na shiga shagon wani mai kayan gwanjo a Nukkai neman fanka. Ban samu ba. Abin da na samu shi ne wani baƙin akwatin ƙarfe da aka tokare ƙofa da shi don kada iska ta rufe ta. Amfilifaya ce ta ƙasar waje, irin wadda a da sai dai mu gan ta a hoto mu haɗiyi yawu. Aikinta ɗaya tak: ta karɓi ƙaramin sauti ta ba shi ƙarfi ba tare da ta ɓata shi ba. Ba rediyo, ba wurin sa kaset, makunni ɗaya ne kawai a gabanta.

"Baba, wannan ya mutu," in ji mai shagon. "Mun sa shi a wuta, bai yi magana ba. Gobe masu gwangwan za su zo su auna shi, akwai jan ƙarfe a ciki."

Ba wuta a unguwar, balle in gwada. Kuma kayan gwanjo in ya fita ba ya dawowa. Sai na durƙusa na kafa hancina a ramukan shan iskarta. Ubangidan da ya koya mini aiki haka yake yi, domin tiransifomar da ta ƙone ƙaurinta ba ya fita ko bayan shekara, kamar tukunyar da shinkafa ta kama. Na shaƙa sau uku. Ƙura na ji, da ƙanshin ƙarfe mai sanyi. Na juya bayanta, ga wani ɗan jan maɓalli na zaɓen ƙarfin wuta yana kan wutar ƙasar da ta fito, wadda rabin tamu ce. Sun cusa ta a tamu haka nan, fis ya tsinke ya ceci sauran.

Bakina ne ya cuce ni. Don murna na faɗa wa mai shagon, shi kuwa nan take abin tokare ƙofa ya zama kaya mai daraja. Sai da na sayar da tumaki biyu.

Tumakin nawa ne, amma matata ce ke ba su dusa safe da yamma, kuma mun yi da ita firiji za su zama. Da mai keke ya taya ni sauke akwatin a tsakar gida, ta zagaya shi sau ɗaya.

"Malam, ka ji ta yi magana kafin ka saya?"

"Na shinshina ta."

Ta juya ta koma kicin, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Kwana uku ba a kawo wuta ba. A kwana na biyu na tarar ta ɗora fulas ɗin kunu a kai.

Ranar Asabar da la'asar aka kawo. Na riga na mayar da maɓallin kan wutarmu, na sa sabon fis, na haɗa ta da tsohuwar na'urar kaset ɗina da sifikun da na ƙera da hannuna tun ina saurayi. Ban taɓa jin tsoron makunni ba sai ranar. In hayaƙi ya tashi, ba tumaki kaɗai na rasa ba, shekara ashirin da biyun nan ma sun zama ƙarya. Na yi bisimilla na danna. Shiru. Can sai ta yi "ƙas" a ciki, alamar ta karɓa.

Kaset ɗin bikinmu na sa. A ciki surukata, Allah ya jiƙanta, tana rera waƙar rakiyar amarya da Fulatanci. Mun sha jin sa, kullum kamar daga cikin rijiya. Wannan karon tsohuwar shigowa falon ta yi. Ana jin awarwaronta na bugun ƙwarya, ana jin inda take jan numfashi, har da ɗan tarin da ta danne tsakanin baiti biyu.

Matata ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya a ƙofa.

"Inna ce," ta ce. "Mura take yi ranar. Wallahi na manta mura take yi."

Ta zauna a ƙasa gaban sifika, miya na ɗiga daga ludayin kan leda, ba ta kula ba. Da waƙar ta ƙare ta ce, "Mayar baya, Malam." Sau huɗu na mayar. Na yi alfahari ranar, ba na ɓoyewa, irin wanda ban yi ba tun da na rufe rumfar gyara.

Har yau ba mu da firiji. Amma kwanaki maƙwabciyarmu ta shigo, ta ga akwatin, ta tambaya me aka saya haka ko fitila babu. Ina daga ɗaki na ji amsar matata.

"Ke dai kar ki ɗora komai a kai. Malam ko gwadawa bai yi ba. Da hanci ya saye ta."