Malam Manasse, Wanda Ya Ce a Saki Hannun Kellu

Wanda ya ba da rai ya karɓi abinsa. Ranar Talata, 11 ga Fabrairu, 2025, Allah ya yi wa maƙwabcina Malam Manasse Pindar rasuwa a gidansa da ke unguwar Lamisula a Maiduguri, bayan hawan jini ya kwantar da shi. Ni Ba'ana, telan da shagonsa ke kallon ƙofarsa, nake wannan rubutu, don abin da ke raina ya fi ƙarfin gaisuwar zaman makoki.

Malam, kai mutumin Biu ne, amma Kanurinka ya fi na wasu 'ya'yanmu. Nakan tsokane ka in ce ka sace mana harshe, kai kuma ka ce ai mu muka bar shi a waje ba mai gadi. Ranar da ambaliya ta ci unguwa, kai ka ɗora keken ɗinkina a ka, ruwa har ƙirjinka, kana ta yi mini faɗan ban taɓa share shi ba. Da sallarmu da Kirsimetinku, kwano bai daina tsallaka titin nan ba.

Wannan harshen na Kanuri ne ya sama maka aikin tafinta a wata ƙungiyar ƙasashen waje da ta zo da sunan kare fararen hula, kuma shi ya ɗaure ka. A wani gari na bakin iyaka aka kai hari, wata yarinya mai suna Kellu ta ji mummunan rauni. Jirgi mai saukar ungulu ya zo ɗaukarta, aka ce babu wurin uwa. Uwar, Ya Fanna, ta riƙe hannun 'yarta gam ta ƙi saki. Wani Baturen ƙungiyar ya yi magana, kai kuma ka juya mata: "Ya, saki hannunta, za su dawo miki da ita." Ta saki, saboda da harshenta ta ji alkawarin.

Har yau ba a dawo da Kellu ba, ba kuma wanda ya iya cewa ga asibitin da aka kai ta. Ya Fanna ta biyo sawu har Maiduguri, ka riƙa kai ta ofishin ƙungiyar. Su kuwa ma'aikatan ba sa daɗewa ake canza su, kowane sabo ya zo sai ya ce ta fara daga farko. Sai ta fara, kana juyawa, har ka haddace inda muryarta take sarƙewa. Wannan ya ce maganar sojoji ce, wancan ya ce sai an ji daga hedikwata a can ƙetare. Rannan aka wayi gari sun cire allonsu sun tafi. Ita ba ta san sunan ƙungiya ba, Manasse ta sani, don haka ta dawo zama a ƙofarka.

Na ga lokacin da aka yi maka tayin aiki a Jos, matarka Peace har ta fara ɗaure kaya. Ka ƙi. Wallahi raina ya ɓaci, na ce, "Haba Malam, kai ka tuƙa jirgin?" Ka ce, "Ba'ana, da bakina maganar ta fita. In na tafi, wa za ta tambaya?" Tun daga nan ka shiga bin asibitoci da gidajen marayu, kana ramewa muna gani, ba yadda muka iya da kai.

Ban ce 'yan ƙungiyar ba su ceci kowa ba, sun ceta. Amma wanda ya yi alkawari ya hau jirgi ya koma gida, babu ƙofar da za a buga masa, an bar wanda ya ara masa baki yana amsa tambaya har ta kai shi kabari. Wannan abin yana ci mini rai, kuma zan faɗa ko a gaban wa.

Ya Fanna ta zo makokinka. Peace ba ta jin Kanuri, sai aka ce in juya. Ta ce ta yafe maka duniya da lahira, ta ce kai kaɗai ka rage cikin waɗanda suka ga an sa Kellu a jirgi. Na juya, Peace ta fashe da kuka. Sai tsohuwar ta dube ni ta ce, "Ɗana, tunda yanzu kai ne mai juya magana, yaushe suka ce za su dawo da ita?" Wannan kam ban juya wa kowa ba.

Malam Manasse, Allah ya ji ƙanka, ya sa ka huta, ya sauke maka nauyin da ba kai ka ɗora ba. Allah ya ba Peace da 'ya'yanku da 'yan'uwanka na Biu haƙurin rashinka. Allah ya bayyana Kellu, a raye take ko a kabari, uwarta ta san inda za ta dosa. Ni kuma Allah ya ba ni abin da zan ce mata, don yanzu haka tana zaune a ƙofar shagona.