Bular Inna a Fuskar Madam

Shekara shida ina buga hoto a kan riguna a shagona na Zango, ba a taɓa dawo mini da aiki ba. Shi ya sa da tsofaffin ƴan ajinmu suka shirya yi wa Madam walimar ajiye aiki ranar Asabar, kowa da farar riga mai hotonta, na ce su bar mini. Madam ce ta koyar da mu a lakwal, wato makarantar boko. Shekara uku tana rubuta mini abu guda da jan alƙalami a gefen kayena, littafin rubutuna, wai aikina ba tsabta. Abin yana raina har na girma, na kuma ƙudurta wannan karon sai ta janye maganarta.

Na sayo rigunan, suka kwana biyu a gida. Ranar Alhamis na shimfiɗa ta farko a inji, na danne, na ɗaga, na ɓare takardar hoton. Madam wankan tarwaɗa ce, amma ta fito toka-toka kamar mai jinya, ɗankwalinta ruwan ɗorawa ya koma kore.

Ban rikice ba, sana'ata ce. Na duba tawada, lafiya lau, hoton ma a kan takarda ba shi da aibu. Na rage zafi. Na ƙara lokaci. Na jira wuta ta yi ƙarfi, don injin ba ya shiri da wuta mai rauni. Riga huɗu na ɓata, duk kanwar ja ce. Sai na zaro wata farar riga da ta rage daga tsohon aiki na gwada, Madam ta fito sak. Injina ya fita daga zargi ke nan. Da na jera rigunan biyu a hasken ƙofa, na ga farin sabuwar ya ja shuɗi-shuɗi.

Na hau kabu-kabu sai gida. Na iske Inna, mahaifiyata, a tsakar gida, faratanta duk shuɗi.

"Inna, kun taɓa rigunan nan?"

"Taɓawa? Na wanke su tas, na sa musu bula, na goge na mai da su leda. Kayan kasuwa hannu nawa ya taɓa? Matar da ta koya maka karatu za ka manna wa fuska a kan dauɗa?"

Na buɗe baki in yi faɗa, dariya ta riga ni. Takardar da muke bugawa da ita ba ta da farin kanta, farin riga take ara. In rigar ta sha bula, hoton ma ya sha.

Jumma'a da safe ni da Inna muka yi ta ɗauraye rigunan da ruwan ɗumi, tana mitar wai ina ɓata mata aiki. Kafin masallaci sun bushe. Na cike gurbin huɗun da na ɓata, na buga sauran duka, ko ɗaya ba ta ba ni kunya ba.

Ranar walima na miƙa wa Madam tata da hannu biyu. Ta ɗaga ta, ta juya, ta bi gefen hoton da babban yatsa, yadda take yi wa kayena.

"Ɗana, wannan aiki ya yi tsabta."

Daɗi ya kama ni har na kasa riƙe bakina. "Madam, Inna ce ta wanke su."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ai na san ba kai kaɗai ba ne."

Amma ta riƙe hannuna, ba ta sake shi ba sai da aka kira ta gaban taro.