Ranar da na ƙwace ɗan farina daga hannun Baba

Babana wanzami ne. A unguwarmu a Kontagora, lokacin Turawa, ba jaririn da aka yi wa askin suna da hannun wani in ba nasa ba, har daga ƙauyukan Kambari ana aiko masa. To sai hannunsa na dama ya fara rawa. Yana zaune kawai sai ka ga yatsunsa na motsi kamar mai jan carbi. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammun abokan sana'a. Wani likita Bature da ya zo duba masu ciwon barci ya sa shi ya yi tafiya, ya lanƙwasa masa gwiwar hannu, sannan ya ce ta bakin tafinta hannun lafiyarsa lau, a ƙwaƙwalwa abin yake. Ya ce wani wuri ne a ciki ke lalacewa a hankali, ko a ƙasarsu ana kan bincike, ba a gane dalili ba. Baba ya dawo gida yana dariya: "Wai kaina ne. Kai ne ke riƙe aska ko hannu?"

A wannan shekarar na zo gida haihuwar fari. Kun dai san kunyar ɗan fari. Ba ki kallonsa a gaban mutane, ba ki kiran sunansa, ko kuka yake sai ki kau da kai kamar ɗan maƙwabta ne. Ni kuwa an san ni da wannan kunya, har gwaggota tana yabona a gaban baƙi.

Ranar suna da hantsi, gwaggo ta zauna da yaron a tsakar gida, mata sun cika ko'ina, dangin mijina ma suna nan. Ina ɗaki ina leƙe ta bayan asabari. Baba ya buɗe zabira, ya wasa aska, ya jiƙa kan yaron. Wallahi ina ganin bakin askar nan yana kaɗawa a saman maɗigarsa. Na ce wa kaina, zauna, ba ruwanki. Ina! Ban san sanda na fito ba, ko ɗankwali babu.

"Wayyo ɗana! Baba kar ka taɓa shi!"

Na fizge shi daga cinyar gwaggo. Wata tsohuwa daga dangin mijina ta riƙe haɓa ta ce, "Ɗana? Yau mun ji sabon abu." Da ƙasa za ta tsage da na shige. Kunya biyu ta rufe ni, tawa da ta Baba, kuma tasa ta fi zafi.

Baba ya janye hannunsa. Ya goge askar a hannun riga, ya ce a kira wanzamin bakin kasuwa.

Daga baya innata take gaya mini wai da ya ɗora aska a kan fata rawar takan lafa, bai taɓa yankar kowa ba. Oho, ni ban sani ba, kuma har yau ban san abin da zai faru da na bar shi ba. Abin da na sani, ba wanda ya ƙara kiransa askin suna. Mutane suka ce in 'yar cikinsa ta hana shi, su wane ne da za su ba shi nasu?

Ana gobe zan koma ɗakin mijina ya zo bakin ƙofata, ya daɗe a tsaye. Sai ya zauna a ƙasa, ya tanƙwashe ƙafafu, ya shimfiɗa rigarsa a cinya.

"Na zauna, ba zai faɗi ba," ya ce. "Za ki ba ni shi in ɗan riƙe?"