Kafiretar da Na Goge wa Lamba

A shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa ƙasarmu, gwamnati ta turo ni Landan karatun injiniya. Shekarata ashirin da shida, ina zaune a wani ɗan ɗaki a unguwar Plumstead, ba abin da ke raina sai injin mota. Na sayi wata tsohuwar motar tsere mai kujera biyu, na yi wata takwas ina tada ta, sannan na shiga ƙungiyar masu tseren tsofaffin motoci. Ni kaɗai ne baƙar fata a cikinsu. Dokarsu mai tsauri ce: duk abin da ke jikin injin sai ya zama ƙirar shekarar da aka yi motar.

Saura mako biyu tsere, kafiretata ta tsage. Na zaga garejojin titin Old Kent Road kaf, kowa ya ce an daina yin irinta tuntuni. Sai na sayi sabuwar ƙira, na goge lambarta da magagari don kada a gane, na ɗaura. Ranar tsere na zo na biyu. Dattijon Baturen da ke duba motoci ya leƙa injina, ya riƙe hannuna, ya ce ya daɗe bai ga gyara mai tsabta irin nawa ba. Yabon nan shi ya hana ni sukuni. Bayan kwana uku na mayar masa da kofin da aka ba ni, na faɗa masa gaskiya. Aka dakatar da ni shekara guda.

Na rubuta wa kawuna, bakanike a Kano. Amsarsa faɗa ce zalla, wai da na tambaye shi tun farko da ban zubar da mutuncina ba, don a bayan garejinsa akwai irin motar, wadda wani Baturen mulki ya bari, kaji na ƙwai a ciki. Ya kwance kafiretar, ya naɗe a tsohon zane, wani likita mai zuwa Landan ya taho mini da ita.

Ranar da na koma tsere bayan shekarar ta cika, dattijon ya daɗe yana karanta lambar kafiretar, ya tambayi inda na samo. Na ce, "Kano." Ya kirawo sauran direbobin su zo su gani. Na zo na bakwai, kuma har yau ban yi tseren da nake alfahari da shi kamar wannan ba.

Na gane cewa gaggawa da jin kunyar tambaya su suka kai ni ga maguɗi. Matasa, in abu ya gagara, ku haƙura ku tambayi na gida. Kada ku karɓi yabon da za ku kasa ɗaga ido ku amsa.