Sitiyarin Gawar Mota

Jama'a, wallahi abin da zan faɗa muku a kaina ya faru, ba ji na yi ba, in na ƙara gishiri Allah Yana gani. A garin Tamanrasset ne, can cikin sahara, shekarun alif ɗari tara da sittin da ɗoriya, bayan Faransawa sun tattara nasu ya nasu, lokacin ina da ɗan garejin langa-langa a bakin unguwar Tahaggart ina gyaran tsofaffin motocin da suka bari.

Akwai wani direba ɗan Damagaram, Isuhu, abokina ne na cin tuwo, mai wata tsohuwar jif. Ran nan da hantsi ya zo fuska ba annuri. Gyatumarsa da ke zaune wurinsa ta kwanta ciwo, ta ce ita dai a kai ta gida ta cika cikin danginta, shi kuma ya yi mata alkawari, ga hanya sahara zalla, ga mota ta ɓullo da sabon hali.

Ya ce, "Da na taka totur sai sitiyari ya kama kyarma kamar mai masassara, in na ɗaga ƙafa ya yi shiru. Don Allah ɗan'uwa duba min, tsohuwar nan ba ta da lokaci."

Na ce wannan ai ƙaramin alhaki ne. Duk makanike ya sani, in rawar sai an taka mai take zuwa, to galibi ba taya ba ce, ƙarƙashi za ka leƙa. Na shiga na girgiza farfela, sandar nan mai kai ƙarfin inji ga ƙafafu, na same ta daram, na duba robobin da inji ke zaune a kai, lafiya lau, don kar a ce ban yi ba har tayoyin gaba na kwance na sake ɗaurewa. Muka fita gwaji muka miƙi hanyar arewa, na taka iya takawa, mota sumul, har na fara yi masa tsiya ko dai hannunsa ne tsufa ya kama. Muna juyowa muka fuskanci kudu, hanyar gida ke nan, na taka, sai abu ya tashi. Kai jama'a! Ni fa cikin rawar ƙarfe na girma, wannan daban ce. Ji na yi kamar wasu hannuwa ne bisa nawa suna fizga, suna son juya mu baya, kuma ga rana tsaka, ko'ina a motar ya ɗau zafi, amma sitiyarin nan sanyi ƙalau kamar gindin randa.

Na tsaya na dube shi da kyau, sai na ga an naɗe shi da jar fata irin aikin Buzaye, ba shi ne na da ba. Na ce, "Isuhu, ina ka samo wannan?"

Ya sunkuyar da kai ya ce nasa ne ya tsage, ya ciro wannan daga wata gawar mota can kan hanyar kudu, wadda aka ce an tarar da direbanta ƙishirwa ta kashe shi yana riƙe da shi.

To a zamanin ba kantin kayan gyara, kowa daga gawar mota yake cira, ba abin kunya ba ne. Amma direbobi suna da al'ada: in ka ciri abu, ka bar ruwa a wurin ko da gwangwani ɗaya ne, ka aza dutse, ka yi wa mai ita fatiha. Na ce, "Ka bar ruwa?"

Ya ce, "Ruwana ya yi ƙasa ranar."

Na roƙe shi ya dakata mu ga malam, ya ce in ya dakata gawa zai kai gida. Na cire sitiyarin na sa masa wani da nake da shi, na rataye mai jar fatar a ƙusa, muka gwada kudu da arewa, ko ɗis. Washegari da safe suka biyo ta garejin, tsohuwa kwance a baya kan tabarma, ta ɗago hannu da kyar ta ce, "Allah Ya yi maka albarka ɗana, ka buɗe min hanya."

Bayan 'yan kwanaki, da azahar, ko iska babu, ina zaune sai na ji kar-kar-kar a jikin langa-langa. Sitiyarin ne ke rawa a kan ƙusa shi kaɗai. Na rantse da Wanda raina ke hannunSa, haka ya yi ta yi ina kallo, sai wajen la'asar ya tsaya cak, ni kuwa na fashe da kuka ban san dalili ba.

Wasu direbobi ne suka tsinci gawar Isuhu da ta tsohuwa daga baya. Sun saki hanya, mota ta nutse a yashi, durom ɗin ruwa ya tsage ya tsiyaye, kuma daga inda suke ana hango waccan gawar motar. Isuhu na zaune hannuwa a kan sitiyarina. A nan aka binne su, tsohuwa ba ta ga Damagaram ba.

Na bi ayari na mayar da sitiyarin inda aka ciro shi, da ruwa da dutse da fatiha. Har gobe ban sani ba, bin hakkinsa mamacin yake yi, ko hana su tafiya yake yi ni na cire shi. Ku dai masu tuƙi, kada ku ɗauki abin mamaci ku wuce haka nan. Ni kam tun daga ranar, in aka kawo min mota mai rawar sitiyari, kafin in shiga ƙarƙashi sai na tambayi mai ita ina za shi.