Gurun Gidan Mailafiya

Gidan Mailafiya gidan kaki ne, duk Zango ta san haka. Kakannin mutane goro suka kawo Wagadugu, shi kuwa Mailafiya bindigar Faransa ya ɗauka, ya tafi yaƙin da bai san mafarinsa ba, ya dawo da hannu biyu da ƙafa biyu. Aka ce ba banza ba, akwai gurun da wani malami ya ɗinka masa yana ɗaure a ƙugu. Ɗansa Ramalan ya gaji gurun, ya yi shekara talatin a jandarma ko ƙwarzane bai samu ba. Wa zai ƙwarzane mutumin da aikinsa tare masu keke marar fitila? Amma ba a faɗar wannan a gabansa.

Wada ne babban ɗan Ramalan. Ranar da zai shiga soja uban ya ɗaura masa gurun da hannunsa, ya tofa masa addu'a. Shekara tara ya yi a sojan ƙasa, ukun ƙarshe a arewa. Ya dawo kunnen hagu ya mutu saboda nakiya, bakin ma kamar ya mutu, don ko uwarsa Zalissa ba ta ji abin da ya gani ba. Sai kawai aka ji ya rubuta takarda a mai da shi pompiye, sojojin kashe gobara. Da yake tun yana yaro ya iya ruwa a baraj, wato dam ɗin Tangin, suka karɓe shi cikin masu nutso.

Ramalan yana zaune a kujerarsa ta ƙarfe ya ji labarin. Kujerar nan ita kaɗai ya fitar da hannunsa ranar da aka rushe musu gida a tsohuwar unguwa.

"Sannu sojan bokiti," in ji shi. "Kakanka ya ga teku, kai ka ga rijiya."

"Baba, su ma sojoji ne."

"Sojoji? To ka harbi wuta mu gani. Kawo gurun. Ba a yi shi don mai tsamo awaki ba. Amiru zan ɗaura wa."

Amiru ƙanen Wada ne, yana jami'a, yana kwana a wani ɗaki a Zogona da abokansa. Yaron da in an yanka kaza sai ya juya baya. Shekara biyar yana karatun shekara uku saboda yajin aiki, uban kuma kullum yana yi masa gorin tuwon da yake ci. Wada ya san in gurun ya hau ƙugun Amiru, arewa ce za ta biyo baya. Shi kuwa ya ga masu layu har wuya an kwashe su a bargo.

Ya yi ta juya abin kwana uku. Dabarar da ta zo masa irin ta mutanen gidansu ce: tunda ba a taɓa tura ɗan gidan ba guru, to in babu guru babu tafiya. Ran Juma'a bayan masallaci ya hau babur ya je Tangin, ya ɗaure gurun da dutse, ya jefa inda ya san ruwan ya fi zurfi. Ya dawo ya ce wa uban ya ɓace tun a arewa.

Ramalan bai yi faɗa ba. Ya dai daina cin abinci sosai, ya riƙa cewa gidan ya ƙare a kansa, a gaban baƙi, a gaban Amiru. Wata biyu da haka aka yi shelar ɗaukar sabbin sojoji, Amiru ya kai sunansa bai shawarci kowa ba.

Wada ya same shi a Zogona yana haɗa littattafai a kwali.

"Kai mahaukaci ne? Ka san inda za su kai ka?"

"Yaya, na gaji da kallon tsoho yana mutuwa a zaune. Kai ka yi naka, ka fita. Ni ma bari in yi nawa."

"Ba ka da guru."

"Ai kai ka ce min fata ce kawai." Ya yi dariya. "Ko yanzu ta zama malaika?"

Daga ranar da aka tura Amiru arewa, Wada bai sake hutun kirki ba. Duk ranar da ba ya aiki yana Tangin yana nutso, masu ban ruwan salad suna tsammanin gawa yake nema. Ya tsamo taya, ya tsamo ƙashin kare, ya tsamo tukunyar wani. Mutumin da ya rantse fata ce kawai, ga shi yana laluben taɓo kamar agwagwa.

Da ya gaji sai ya je wurin Rabo baduku, ya kwatanta masa gurun. Rabo ya ɗinka, ya shafe shi da man kaɗe, ya rataye shi a hayaƙi mako guda. Wada ya kai wa uban, ya ce wani abokin aikinsa ne ya tsinta a bariki. Ramalan ya karɓa, ya bi shi da yatsa daga wannan baki zuwa wancan, yana neman ɗinkin da Zalissa ta taɓa yi masa da shuɗin zare. Ya bi sau biyu. Ya ɗaga kai ya dubi ɗansa. Sannan ya tofa addu'a a kai, ya naɗe a tsumma.

"Aika masa."

Aka ba masu ayarin kai abinci arewa ƙunshin. Hanya a rufe take, ayarin ya yi sati biyar yana jira. Kafin ya isa, wani kaftin da mutum biyu sun yi sallama a ƙofar gida da hantsi, huluna a hannu. Ƙunshin ya dawo cikin kayan Amiru, ko kwance shi ba a yi ba.

Wajen zaman makoki bakin mata bai huta ba, ana ta raɗa cewa an tura yaro tsirara. Ramalan ya miƙe ya kwance tsumman a gaban maza, ya ɗaga. "Ga gurun ubana nan. Hanya ce ta riƙe shi."

Da mutane suka watse ya kira Wada, ya sa shi ya juyo da kunnen da ke ji.

"Gidan na rufa wa asiri, ba kai ba. Kada ka gaya min inda ka kai shi. In na sani, zan fara lissafin wanda ya kashe yaron nan tsakanina da kai, kuma ban san inda zai tsaya ba."

Bayan sadakar arba'in Wada ya sake rubuta takarda, a mai da shi sojan ƙasa, a tura shi inda aka tura ƙanensa. Likitan bariki ya tsaya ta hagunsa ya kira sunansa sau uku. Bai juyo ba. Aka buga hatimin ƙin amincewa, aka dawo masa da takardarsa.